Karnibal na Trinidad ko Crop Over na Barbados: Wanne Ya Cancanci Kuɗin Jirginka?

Wanda ya ga hotunan bukukuwan Karibiyan a waya zai ɗauka duk abu ɗaya ne: gashin tsuntsu kala-kala, tirela shaƙe da lasifika, dubban mutane suna rawa a kan titi cikin rana. Daga nesa ne kawai suke kama da juna. Karnibal na Trinidad da Crop Over na Barbados su ne biyun da aka fi ɗorawa a sikeli, kuma sun sha bamban wajen lokaci, wajen biza, wajen kuɗi, da wajen abin da kunne zai ji. Tafiya daga Kano ko Abuja ko Akra zuwa can ba ta da araha, mafi yawan mutane sau ɗaya za su yi ta, don haka gara mutum ya san abin da yake nema tun bai biya kuɗin jirgi ba.

Ga inda muka tsaya tun farko. Mai neman kiɗa da aikin hannu, wato gangar ƙarfe, da waƙar kalifso, da tsofaffin shigar da aka gada tun zamanin bauta, Trinidad zai nufa, kuma babu inda ya kama ƙafarta. Mai neman tafiya marar wahalar takarda, mai iyali, mai son ya haɗa kallo da hutu a bakin teku, Barbados ta fi masa.

Ranar biki da inda ta faɗa a kalandarmu

Karnibal na Trinidad ba shi da tsayayyar rana. Ana yin sa Litinin da Talatar da ke gaban Larabar Toka, ranar da Kiristoci ke fara azuminsu na kwana arba'in, shi ya sa yake yawo tsakanin farkon Fabrairu da farkon Maris. A 2027 zai faɗo 8 da 9 ga Fabrairu, a 2028 kuma 28 da 29 ga Fabrairu, a 2029 ranakun 12 da 13 ga Fabrairu, sannan a 2030 ya koma 4 da 5 ga Maris. Mai azumin Ramadan ya dubi waɗannan ranaku da kyau. Bisa lissafi, watan azumi zai kama wajen 8 ga Fabrairu a 2027, daidai Litinin ɗin biki ke nan. A 2028 bikin zai zo bayan ƙaramar Sallah da kwana ɗaya ko biyu, amma makonnin atisaye da gasa duk suna cikin azumi. A 2029 yana cikin goman ƙarshe. Sai 2030 hanya za ta buɗe sarai. Duk da haka 2027 tana da wata dama: abubuwan da suka fi daraja a bikin suna zuwa ne kafin Litinin, don haka mutum zai iya sauka kwana goma kafin biki, ya ga gasar ganga ta daren Asabar, ya kama hanyar gida ranar Lahadi.

Crop Over ba shi da wannan matsala a shekarun nan. Yana ɗaukar makonni, tun daga Yuni ko farkon Yuli, ya ƙare ranar Litinin ta farko a watan Agusta da babban jerin gwano da ake kira Grand Kadooment. A 2027 ranar ita ce 2 ga Agusta, lokacin da yara ke dogon hutu. Cikas ɗinsa yanayi ne. Fabrairu rani ne a Trinidad, ruwa ba ya cika ɓata shiri, alhali Agusta damina ce a Barbados, kuma tsakiyar lokacin guguwar teku, wanda ke farawa daga Yuni zuwa Nuwamba. Guguwar Elsa ta bugi tsibirin a Yulin 2021, guguwar Beryl kuma ta farfasa jiragen masunta a Bridgetown, babban birnin Barbados, a farkon Yulin 2024. Mai zuwa Crop Over ya sayi tikitin da za a iya sauya masa rana.

Tushensu

Bukukuwan biyu daga gonar rake suka fito, amma kowanne da ƙofarsa. A Trinidad, Faransawa masu gonaki da suka shigo da bayinsu bayan 1783 su suka kawo al'adar rawa da rufe fuska kafin azumin Kiristoci. Da aka gama 'yanta bayi a 1838, 'ya'yan Afirka suka fito da bikin kan titi da ganguna, da wuta a hannu, da wasan sanda, suna tuna daren da ake kora su kashe gobarar rake. Wannan shi ne Canboulay. A 1881 shugaban 'yan sanda, Kyaftin Arthur Baker, ya yi yunƙurin murƙushe shi, aka gwabza a titunan Port of Spain, babban birnin ƙasar, bayan 'yan shekaru kuma Turawan mulki suka hana buga ganga a titi. Sai mutane suka koma doka gora a ƙasa, daga gora suka koma gwangwanin biskit da tarkacen ƙarfe, daga nan zuwa duron mai. Bikin da aka ƙwata da ƙarfi ne, har yau kuma da zafinsa: komai gasa ne, kowa da gwaninsa, ana musu a kan hukuncin alƙalai har bayan biki da watanni. Cikin 'yan Afirkan da aka ƙwato daga jiragen bayi aka sauke a Trinidad a ƙarni na 19 akwai Yarbawa da 'yan Kongo da Hausawa da Fulani, kuma gabashin Port of Spain, inda gangar ƙarfe ta tashi, unguwar zuriyar Afirka ce.

Crop Over bikin gama girbin rake ne tun ƙarni na 17, lokacin da amalanken ƙarshe ke shigowa masana'anta an yi masa ado da furanni. Ya mutu a shekarun 1940, aka farfaɗo da shi a 1974, har da niyyar jawo baƙi a watannin da kasuwar otal ke sanyi. Hukumar al'adu ta ƙasar ce ke gudanar da shi, kuma har yanzu ana buɗe shi da miƙa raken ƙarshe da karrama sarki da sarauniyar girbi, wato ma'aikatan da suka fi kowa aikin rake a shekarar. Barbados ba ta kai mutum 300,000 ba, Trinidad da Tobago kuwa tana da kusan miliyan ɗaya da rabi. Bikin Barbados ya fi tsari, ya fi ƙanƙanta, baƙo ba ya ɓata a cikinsa.

Kiɗa: a nan tazarar ta fi faɗi

Gangar ƙarfe ita ce babban dalilin zuwa Trinidad. Daga duron mai mai cin galan 55 ake ƙera ta. Maƙeri yakan kifa duron, ya yi ta dukan gindinsa da guduma har ya lotsa ya zama kwano, ya zana gurbin kowane sauti, ya bi layin da kurfi ya raba su, ya yanke gefen duron gwargwadon muryar da ake so, ya gasa shi a wuta, sannan ya zauna da ƙaramar guduma yana daidaita sauti ɗaya bayan ɗaya. Mai siririyar murya, wadda ke ɗaukar amon waƙa, gefenta gajere ne, kwanonta mai zurfi, kuma tana ɗauke da sauti kusan talatin. Mai kaurin murya cikakken duro ce, sauti uku kacal a kowanne, don haka makaɗi ɗaya ke tsayawa tsakiyar duro shida ko tara ko goma sha biyu yana juyi. Sandunan kiɗan gajeru ne, an naɗe bakinsu da roba. A bayan ƙungiyar makaɗa kuma akwai masu riƙe da kari, cikinsu har da masu dukan ƙarfen birkin mota, wanda ƙararsa ke ratsa komai. Ellie Mannette da Winston "Spree" Simon da Anthony Williams na cikin waɗanda suka kai wannan ƙira matsayinta na yau, tsakanin shekarun 1940 da 1950. An ayyana ta a matsayin kayan kiɗan ƙasa a 1992, kuma a 2025 ta maye gurbin jiragen ruwan Columbus a tambarin ƙasar.

Abin da yawancin baƙi ke rasawa shi ne filin atisaye. Kowace ƙungiyar ganga tana da nata fili, kuma tun daga Janairu ake kwana ana bita. Shiga kyauta ne. Invaders suna titin Tragarete, Phase II Pan Groove suna Woodbrook, Renegades suna titin Charlotte, Trinidad All Stars suna titin Duke. A je wajen ƙarfe tara na dare. Yawancin makaɗan ba sa duba takarda, da ka suke ɗauka: mai tsara kiɗa ya buga gaɓa, shugabannin sashe su kama, su koya wa na bayansu, a maimaita ta a hankali sau da yawa, sai can tsakar dare a haɗa ta da sauri daga farko har ƙarshe. Wanda ya tsaya tsakanin duro a wannan lokaci zai ji kiɗan a ƙirjinsa, abin da rikodi ba ya iya ɗaukowa. Da yara da tsofaffi duk ana zuwa, ba a sa kayan biki, kuma ba wanda zai tilasta wa mutum rawa ko abin sha.

Gasar ita ce Panorama, wadda aka fara a 1963. Zagayen kusa da ƙarshe ana yin sa kimanin mako biyu kafin biki, na ƙarshe kuma daren Asabar a filin Queen's Park Savannah. Babbar ƙungiya takan hau da makaɗa ɗari ko fiye, ta buga waƙa ɗaya da aka faɗaɗa ta zuwa minti takwas ko sama da haka. Tikitin babbar rumfa yana ba da wurin zama da sauti mai tsabta. Amma masana sukan tsaya a kan hanyar da ƙungiyoyi ke jeruwa kafin su hau dandamali, domin a nan kowace ƙungiya ke yin bitar ƙarshe, mutane kuma su taya tura karagun ƙarfen da aka rataye gangunan. Ana kaiwa ƙarfe biyu ko uku na dare kafin a ji sakamako.

Kalifso waƙar magana ce: siyasa, habaici, tonon asirin masu mulki, labarin unguwa. Ƙasashen biyu duk suna da ita. A Trinidad zagayen kusa da ƙarshe ana yin sa a Skinner Park da ke San Fernando, inda 'yan kallo ke ɗaga takardar bayan gida ga mawaƙin da bai gamsar da su ba, na ƙarshe kuma daren Lahadi. Daga wannan gida Lord Kitchener da Mighty Sparrow suka fito, da Calypso Rose, macen farko da ta ci sarautar kalifso a 1978. A Barbados gasar sunanta Pic-O-De-Crop, kuma Mighty Gabby da Red Plastic Bag manyan mawaƙa ne da ba za a raina ba. Sai dai baƙo ya sani, kalifso da karin Turancin wurin ake yin ta, cike da sunayen 'yan siyasar da bai sani ba. In bai bi labaran ƙasar na wata ɗaya ko biyu kafin tafiya ba, zai ga fili ya ɗauki shewa shi bai san dalili ba.

Soka ita ce kiɗan titi a duka biyun. Lord Shorty ne ya haɗa kalifso da kiɗan Indiyawan Trinidad a farkon shekarun 1970 ta fito. Akwai mai gudu, wadda ake tsalle da kaɗa tuta, akwai mai lanƙwasa, wadda ake takawa a hankali. Waƙar da aka fi bugawa yayin da ayari ke wuce wuraren alƙalai ita ke cin kambun titi na shekara, kuma Machel Montano da SuperBlue sun sha ɗaukar sa. Barbados tana da nata salon, mai nauyin ganga da ya jingina da kiɗan Jamaika, ta kuma fitar da Alison Hinds da Edwin Yearwood da Lil Rick. Abin da Barbados ke da shi wanda Trinidad ba ta da shi, shi ne kiɗan tuk: babbar ganga, ƙaramar ganga ta soja, sarewar ƙarfe da ɗan ƙarfe mai kusurwa uku. Siffarsa ta faretin sojan Ingila ce, karinsa na Afirka, kuma tare da shi ake ganin masu shigar gargajiya irin su Mother Sally da Shaggy Bear da masu tafiya kan dogayen sanduna. Yana da daɗi, amma a bikin yanzu gefe yake, sai an neme shi a ranar buɗewa da kasuwar biki ta Bridgetown. Gangar ƙarfe ma akwai ta a Barbados, ba dai a matsayin da za a ƙetare teku dominta ba.

Kayan biki: abin da ake saya da abin da ke lalacewa

Ba a shiga jerin gwano haka kawai. Mutum yakan yi rajista da ayari, ya zaɓi sashe, kowane sashe da launinsa da zanensa. Manyan ayarin Trinidad, irin su Tribe da Harts da YUMA, suna baje kayansu tun Yuli ko Agusta na shekarar da ta gabata, kuma sassan da aka fi so sukan ƙare cikin kwanaki. Ana ba da kafin alƙalami, wanda ba a mayarwa, a cika sauran kafin karɓar kaya a makon biki. Na Barbados sukan baje nasu 'yan watanni kafin Agusta, kuma samun gurbi ya fi sauƙi. Kuɗin bai tsaya ga tufa ba: ya haɗa da abinci, da abin sha, da motar bayan gida, da masu tsaro da ke riƙe igiya kewaye da ayari. A Trinidad kwana biyu ake biya wa, a Barbados kwana ɗaya, don haka na Barbados ya fi sauƙi. Kayan sahun baya a babban ayarin Trinidad ɗaruruwan dalolin Amurka ne, na sahun gaba mai manyan fukafukai kuwa yakan wuce dala 1,000 nesa ba kusa ba.

Kayan sun ƙunshi abin ka, da abin wuya, da ɗamara, da na damtse da na ƙwauri, da firam ɗin waya da ake goyawa a baya wanda aka dasa wa gashin tsuntsu. Sai abin hannu na roba, wanda shi ne shaidar biya. In ya tsinke ko ya ɓata, masu igiya za su fitar da mutum ko da yana sanye da cikakken kaya. Yawancin duwatsun ado da gam aka manna su, ba ɗinki ba, kuma zafin rana da gumi suna sakin gam. A gwada komai a wurin karɓa, a ƙirga guda-guda, kada a bari sai an koma masauki, domin ranar biki babu wanda zai saurari ƙorafi. A tanadi fil mai kulle kamar goma, da ƙaramin gam mai kamawa nan take, da filasta don naɗe bakin wayar da ke gurzar kafaɗa. Sabon takalmi shi ne ya fi kayar da mutane: tafiyar wuni ce a kan kwalta mai zafi, don haka a sa takalmin da ƙafa ta saba da shi tun makonni, da safa mai kauri. Wanda zai bi tirelar kiɗa kusa ya sa abin toshe kunne. Ruwan sama yana kwantar da gashin tsuntsu ya ƙara masa nauyi, rini kuma ya zuba a jiki, kuma wannan ya fi faruwa a Barbados. Firam ɗin baya mai faɗi ba ya shiga akwati, shi ya sa da yawa suke barin nasu a masauki.

Kada a ɓoye wa kowa: kayan manyan ayari na zamani, musamman na mata, kusan tsirara ne, giyar rake tana gudana tun safe, rawar kuma ta haɗa jiki ce. Haka abin yake a Port of Spain, haka yake a Kadooment, inda Rihanna kan dawo gida ta shiga ayari. Wanda wannan bai dace da shi ba, tambayar ita ce wace ƙasa ta tanadar masa wani abu daban, kuma a nan ma Trinidad ce a gaba. Ayarin matuƙan jirgin ruwa, irin wanda Trinidad All Stars ke fitarwa, farin wando da riga ne da hula, ana tafe ana watsa hoda, gangar ƙarfe na biye. Akwai masu shigar Indiyawan Amurka da rigunan tsakiya har ƙasa. The Lost Tribe ayari ne na zamani da ya fi dogara da yadi mai yalwa. Sannan ga tsofaffin shiga, waɗanda ake ware wa ranarsu a makon biki: Midnight Robber da faffaɗar malafa da alkyabba da usur, yana tare mutum yana zuba kirarin ɓarnar da ya yi tun daga kakanninsa, Pierrot Grenade da rigar tsummoki yana rarraba kalmomi, Dame Lorraine mai kwaikwayon matan Faransawa, Moko Jumbie a kan sanduna masu tsayin mita uku ko fiye. Da asubahin Juma'a ana sake kwaikwayon faɗan 1881 a titin Piccadilly, da ganguna da wuta da 'yan sanda na wasa. Yammacin Litinin kuma, a ƙauyen Paramin da ke kan dutse, shuɗɗan shaiɗanu ke fitowa suna dukan gwangwanin biskit, suna hura wuta da baki, suna bin mutane sai an ba su dala. A riƙe canji na dalar Trinidad ɗai-ɗai, kuma a hau motar 'yan garin, domin hanyar ta fi ƙarfin baƙon direba.

Sarakuna da sarauniyoyin ayari su ne ƙololuwar sana'ar. Gini ne na waya da sandar fiba da yadi, wani ya fi bene tsawo, mutum ɗaya ke ɗauke da shi ko yana jan sa a kan ƙananan tayoyi, kuma dole ya yi rawa da shi. Iskar Savannah ita ce abokiyar gabarsu, takan kifar da aikin watanni a gaban alƙalai. Peter Minshall, wanda ya fito da dogayen 'yan tsana Tan Tan da Saga Boy a 1990, daga wannan fage aka ɗauke shi ya yi aikin bikin buɗe gasar Olamfik ta Barcelona a 1992 da ta Atlanta a 1996. Mai son kallo daga zaune ya sayi tikitin rumfar Savannah ranar Talata. Ayari na zuwa ɗaya bayan ɗaya, sashe-sashe, kowanne ya tsaya ya nuna kansa a gaban alƙalai kamar yadda hakimai ke wucewa da jama'arsu a hawan Sallah. A tafi da haƙuri, domin wani lokaci akan yi awa guda dandamali ba kowa saboda cunkoso a hanya. A Barbados jerin gwanon yana ƙarewa a babban titin Mighty Grynner da ke bakin teku, kuma tsayawa a gefen hanya kyauta ne. Da yara kuwa, jerin gwanon yara ya fi dacewa a ƙasashen biyu, kuma sau da yawa ɗinkinsu ya fi na manya fasaha.

Bikin asuba kowace ƙasa tana da nata. J'ouvert na Trinidad yana farawa ƙarfe huɗu na asubahin Litinin, Foreday Morning na Barbados kuma daga tsakar daren Juma'a zuwa wayewar garin Asabar. Fenti ne da taɓo da hoda, a Trinidad har da koko da baƙin mai. Ba a tambayar izini kafin a shafa wa mutum, kuma mai tsabtataccen kaya shi aka fi nema. Mai shiga ya shafe jikinsa da man jarirai ko basilin don fentin ya fita da sauƙi, ya rufe gashi, ya sa wayarsa a jakar roba ƙarƙashin riga, ya sa kayan da zai zubar. A daren ne aka fi yankan aljihu, don haka a shiga da ayari mai masu tsaro, kada a bi titi kai kaɗai.

Abinci, masallaci, tsaro

Musulmi sun kai kusan kashi 5 cikin 100 a Trinidad da Tobago, ƙaramar Sallah ranar hutu ce ta ƙasa, har an yi shugaban ƙasa Musulmi, Noor Hassanali, daga 1987 zuwa 1997. Akwai masallacin Juma'a a titin Queen cikin Port of Spain, akwai a unguwar St James, naman halal kuma ba ya wuyar samu. Abincin titi mafi shahara, doubles, soyayyar fulawa ce guda biyu da waken Indiya mai kori, babu nama a ciki. Inda za a yi hattara shi ne miyar masara, da dafa-dukar pelau, da miyar ganyen gwaza da kuɓewa, domin sau da yawa ana jefa musu wutsiyar alade mai gishiri don ɗanɗano, kuma mai sayarwa ba zai faɗa ba sai an tambaya. A Barbados Musulmi kaɗan ne, yawancinsu 'yan asalin Gujarat, masallatansu suna Bridgetown. Alade ya yi yawa a girkinsu, musamman abincin ranar Asabar, amma kifi ya wadata: tuwon masara da kuɓewa da kifi mai tashi shi ne abincin ƙasa, daren Juma'a kuma ana gasa kifi a Oistins. Abinci ya fi tsada a Barbados, inda dalar Amurka ɗaya take dalarsu 2 ba ta motsi. A Trinidad tana kusan 6.8.

Wajen tsaro Barbados ta fi kwanciyar hankali. Trinidad ta yi asarar rayuka fiye da 600 ta hanyar kisa a 2024, har aka kafa dokar ta-ɓaci a ƙarshen shekarar, aka yi bikin 2025 a cikinta. Yawancin rikicin na 'yan daba ne a unguwanni sanannu, amma ya isa ya sa baƙo ya kama masauki a Woodbrook ko St Clair ko Cascade, inda zai taka da ƙafa zuwa Savannah, kada kuma ya shiga unguwar Laventille ba tare da ɗan gari ba. Tasi mai rajista lambarta da H take farawa. Masaukan nan sukan cika tun watanni shida kafin biki, kuma da yawa ba sa ba da ɗaki sai na kwanaki a dunƙule. A Barbados gaɓar kudu, daga Hastings zuwa Oistins, ita ta fi dacewa, motocin haya suna bin ta har dare. Doka ɗaya ta haɗa ƙasashen biyu: farar hula ba ya sa tufa mai zanen kakin soja, ko yaro ne, kuma ana ƙwacewa tun a filin jirgi.

Takardu, da abin da za a fara biya

Mai fasfo ɗin Nijeriya yana shiga Barbados ba biza, amma Trinidad da Tobago sai da biza. Duka biyun suna neman katin allurar shawara daga wanda ya fito daga ƙasashenmu. Babbar wahalar ita ce hanya. Ta Amurka ba a wucewa sai da bizar Amurka, ko da canjin jirgi ne kawai. Ta Landan, ɗan Nijeriya yana buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, sai in yana riƙe da wata takardar da ta ɗauke masa. Jiragen Barbados suna tashi daga Heathrow, inda yawancin jiragen Abuja da Legas ke sauka. Na Port of Spain kuwa daga Gatwick aka saba tashi, kuma sauya filin jirgi yana nufin shiga ƙasar, wato wata biza daban da ta farko. Nan mutane suka fi yin asara: su sayi tikiti mai araha a intanet, sai a wurin awon kaya a ce ba za su hau ba. Tsakanin Barbados da Trinidad tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgi, don haka mai bizar Trinidad zai iya bi ta Barbados ya kauce wa sauya fili a Landan.

Wanda ke zaune a Ingila ko Kanada yana iya ɗanɗanawa kafin ya kashe kuɗin nan: bikin Notting Hill a ƙarshen Agusta yana da tasa gasar gangar ƙarfe, na Toronto kuma yana zuwa a ƙarshen mako ɗaya da Kadooment. A gida, bikin Kalaba da aka fara a 2004 ya ɗauki tsarin ayari da gasa irin na Karibiyan, sai dai ba a nan za a ji makaɗa ɗari a kan duro ba.

A bi wannan jeri wajen biya: a tabbatar da dokar biza daga ofishin jakadanci a shekarar tafiya, a nemi bizar wucewa, a kama masaukin da ake iya sokewa, sannan tikitin jirgi. Kayan ayari su ne na ƙarshe, domin kafin alƙalaminsu ba ya dawowa, kuma sayar da su ga wani sai da amincewar ayarin da canjin suna a rajista. Mai zuwa Trinidad don ganga da kalifso bai ma buƙatar su: tikitin Panorama, da na daren Lahadi, da na rumfar Talata, duka ukun ba su kai kuɗin kayan sahun baya guda ɗaya ba.